Neman ƙwayoyin sankarar mama a cikin jini: me gwajin yake iya faɗa mana?

Idan sankarar mama ta yi kisa, yawanci ba ƙarin da ke cikin maman ne ke yin ɓarnar ba. Abin da ke kisa shi ne yaɗuwar cutar zuwa ƙashi, hanta, huhu ko ƙwaƙwalwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 an gano cutar a jikin mata kusan miliyan 2.3, kuma ta kashe kimanin 670,000. To ta yaya cutar ke isa waɗannan sassan jiki? Ɗaya daga cikin manyan hanyoyinta ita ce jini. Wasu ƙwayoyin halitta kan ɓalle daga jikin ƙarin, su kutsa cikin jijiyoyi, jini ya kwashe su ya yi gaba da su.

Ka ga ke nan, idan za a iya tare waɗannan ƙwayoyin a hanya, an samu labarin cutar ba tare da an tsaga jikin mara lafiya ba. Tunanin ya daɗe. Tun a 1869 wani likita a Ostireliya mai suna Thomas Ashworth ya ga irin waɗannan ƙwayoyi a jinin wani mutum da kansa ta kashe. Amma sai da aka haura shekara 130 kafin a samu na'urar da ke ƙirga su yadda za a dogara da ita.

Me ya sa aikin ke da wuya?

Yawan jinin da ake ɗiba don wannan gwaji mililita 7.5 ne, wato cokalin shayi ɗaya da rabi. A cikin wannan ɗan jinin akwai jajayen ƙwayoyin jini sama da biliyan 30, ga fararen ƙwayoyi miliyoyi masu yawa. Ƙwayoyin kansar kuwa, ko a jinin wadda cutar ta riga ta yaɗu a jikinta, sau da yawa ba su wuce a ƙirga da yatsu ba. Kuma ba sa daɗewa. Cikin 'yan sa'o'i yawancinsu sun mutu ko an tace su daga jinin.

Yadda ake kama su

Hanyar da aka fi sani ita ce na'urar CellSearch, wadda hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da ita a 2004. Dabararta kamar mutum ne ya zubar da allurai cikin yashi, ya kawo mayen ƙarfe ya janye su. Ƙwayoyin kansar mama suna ɗauke da wani furotin a fatarsu mai suna EpCAM, wanda ƙwayoyin jini ba su da shi. Sai a zuba wa jinin wasu mitsi-mitsin ƙarafa da aka shafa musu abin da ke manne wa wannan furotin, sannan a jawo su da maganaɗisu. Abin da aka kamo sai a rina shi, a duba ƙarƙashin madubin ƙara girma. Ƙwayar da ke da cibiya, tana da furotin ɗin sitokeratin, kuma ba ta da alamar CD45 ta fararen ƙwayoyin jini, ita ake lissafawa.

Sai dai fa akwai masu kuɓucewa. Wasu ƙwayoyin kan sauya kama yayin da suke shirin tafiya, su rage EpCAM ɗin, maganaɗisun ya wuce su. Shi ya sa aka ɓullo da wata hanya mai kama da tankaɗe: tunda ƙwayoyin kansa sun fi yawancin ƙwayoyin jini girma da tauri, sai a tura jinin ta wata siririyar kafa, su maƙale, sauran su wuce. Na'urar Parsortix da aka amince da ita a Amurka a 2022 haka take aiki.

Me ƙidayar ke nunawa?

A 2004, Massimo Cristofanilli da abokan aikinsa sun bibiyi mata 177 da cutar ta riga ta yaɗu a jikinsu. Waɗanda ke da ƙwayoyi 5 ko fiye a cikin mililita 7.5, matsakaicin tsawon rayuwarsu wata 10.1 ne, alhali masu ƙasa da 5 sun haura wata 18. Daga nan ne lamba 5 ta zama ma'auni.

Za ka ce to ai shi ke nan, idan ƙidaya ta ƙi sauka sai a canza magani da wuri. An gwada hakan a binciken SWOG S0500 da aka wallafa a 2014. Matan da ƙidayarsu ba ta sauka ba bayan mako uku da fara kemoterafi an raba su biyu: wasu aka sauya musu magani nan take, wasu suka ci gaba da na farko. Sauyin bai ƙara musu tsawon rai ba. Wato gwajin ya iya faɗin girman hatsari, amma wannan bai isa ya nuna wa likita maganin da zai yi aiki ba.

Shi ya sa yanzu masu bincike suka fi mai da hankali kan yanayin ƙwayoyin. A 2014 Nicola Aceto da abokan aikinsa sun nuna, a jikin ɓeraye, cewa ƙwayoyin da ke tafiya a dunƙule sun fi na ɗaiɗai iya kafa sabon ƙari, ninki 23 zuwa 50. A 2022 kuma, daga Zurich a Suwizalan, tawagarsa ta ɗibi jinin mata 30 da ƙarfe 4 na asuba da kuma 10 na safe, ta tarar mafi yawan ƙwayoyin a jinin asuba suke. Ashe har lokacin ɗibar jini yana iya sauya sakamako.

Abin da ya kamata ki riƙe

Wannan gwaji an yi shi ne don bibiyar wadda aka riga aka tabbatar tana da cutar. A farkon cuta, yawancin mata ba za a ga ko ƙwaya ɗaya a wannan ɗan jinin ba, don haka "jini ya fito lafiya" ba ya wanke kowa. A Najeriya, inda sankarar mama ta fi kowace kansa yawa a tsakanin mata kuma da yawa ba sa zuwa asibiti sai cutar ta yi nisa, wannan bambancin na iya zama na rai da mutuwa.

Idan kin ji ƙullutu a mama ko a hammata, ko kan nono ya lotsa ciki, ko yana fitar da jini, ko fatar wurin ta sauya, ki je asibiti a duba. Har yau, hoto da kuma ɗan tsokar da ake cirowa daga ƙullutun a duba a ɗakin gwaji su ne ke tabbatar da ko kansa ce. Kai ma namiji, idan matarka, mahaifiyarka ko ƙanwarka ta yi maka wannan ƙorafi, ka raka ta tun ƙullutun yana ƙarami.