FILIN MANOMA: IN KA WAYI GARI KA TARAR DA RUGA A GONARKA

Jama'a, ga kaka ta kama. Dawa ta sunkuya, an fara yankan kara, Fulani kuwa sun fara gangarowa daga arewa da garkunansu, suna neman kara da ruwa. Saboda haka makon nan za mu yi magana a kan abin da ya kan ta da hankalin masu gona a kewayen birnin Zariya kowace shekara, watau saukar makiyaya a gonar mutum ba da izninsa ba.

Bara wani dattijo, ɗan kasuwa mazaunin cikin birni, ya ba ni labari. Yana da gona bayan Ƙofar Gayan, amma harkar kasuwa ta hana shi leƙa ta har wajen mako uku. Ran da ya je sai ya tarar da bukkoki huɗu a gefenta, an ɗaure maruƙa a gindin ɗorawa, shanu kuwa sun taɓa rogon da bai haƙa ba. Ya ce zuciyarsa ta ba shi ya komo birni ya tara samari. Allah ya taimake shi, a kan hanya ya gamu da mai unguwar wurin, ya sanyaya shi, suka nemi arɗo. Kafin la'asar an ƙiyasta ɓarnar rogo an biya, an kuma shirya baƙin su zauna a ɓangaren da aka girbe har wata biyu. Bana masararsa a wurin nan ta fi ta ko'ina kyau, buhun takin zamani ɗaya kurum ya saya.

To, ba kullum a kan ƙare haka ba. Sau da yawa magana ta kan kai ga sara da jini da gidan yari, a kan ɓarnar da ba ta kai kuɗin tunkiya biyu ba.

Dattawa sun sani, a zamanin da manomi ne ya ke neman Bafillace. Da an gama girbi sai ya tafi ruga da goro, ya roƙa a zo a kwana masa a gona, har ya ƙara da damin dawa. Shanu su ci kara, gona ta sami taki, matan ruga su kawo nono cikin birni su sayi hatsi. Kuma kowane garke hakimi ya san da shi, domin a kan ƙidaya shanu saboda jangali. Bayan da aka soke jangali a shekarun 1970, sai wannan sanayya ta yi rauni.

Me ya sa abin ya canja? Mutane sun yi yawa, ƙasa ba ta ƙaru ba. Fadamun Galma da Kubanni, inda shanu su kan yi kiwo da rani, yanzu rake ne da tumatir da albasa. Burtali da dama an nome su, waɗansu an yi gine-gine a kansu. Kara da harawa da a kan bari a gona kyauta, yanzu kuɗi ne a kasuwa. Gwamnatin Jihar Arewa ta hango wannan tun 1965, ta kafa dokar keɓe wuraren kiwo, irin na Ladduga a ƙasar Kachiya. Amma da yawansu ba a tabbatar da iyakarsu ba, har noma ya cinye su. Makiyayin da ya tarar da hanyar kakanninsa a toshe, ina zai sauka in ba a gonar wani ba?

Wannan damuwa ba tamu ce mu kaɗai ba. A Ingila akwai waɗansu mutane masu yawo, Jifsi da danginsu, da su ke zaune cikin ɗakunan da a ke ja da mota, su kan kuwa sauka a filayen mutane. A 1968 aka ɗora wa hukumomin garuruwa su tanadar musu masauki, a 1994 aka janye wannan nauyi, a 2022 kuma aka mai da irin wannan sauka laifi in an ce su tashi sun ƙi kuma akwai ɓarna. Duk da haka maganar ba ta mutu ba, gama wanda aka kora daga filin wannan, filin wancan zai koma.

To, ga abin da ya kamata mai gona ya yi.

Na farko, kada ka tafi da makami, kada ka tafi da taron samari. Je ka yi sallama, ka tambayi mai garke, ka ji daga ina su ke, wane ne arɗonsu, kwana nawa su ke nufin yi. Sau da yawa yaran da ka tarar ba su ne masu shanun ba, faɗa da su ba shi da amfani.

Na biyu, kai magana ga mai unguwa ko dagaci a ranar. In akwai ɓarna, kada ka taɓa kome sai shaidu sun gani, a kira malamin gona ya ƙiyasta, ka kuma ɗauki hoto da wayarka. Shari'a ba ta bar ka a banza ba. A mazhabar Malikiyya ɓarnar da dabbobi suka yi da dare mai dabbobi ne zai biya, da rana kuwa mai gona shi ne da tsaron gonarsa, sai fa in makiyayi yana tare da su ya yi sakaci. Dokar Final Kod ita ma ta hana shiga gonar wani da nufin ɓarna. In sulhu ya gagara a wurin dagaci da hakimi, kotu tana nan.

Na uku, kada ka rama da hannunka. Wanda ya sari saniya, ko ya zuba guba a mashaya, ko ya sa wa bukka wuta, ya mai da kansa mai laifi bayan shi aka zalunta. Saniya tana da tsada, kai ne za ka biya.

Na huɗu, in ka ga zamansu zai amfane ka, ku ƙulla sharaɗi a gaban shaidu, a rubuta: inda za su tsaya, hanyar da za su bi zuwa ruwa, ranar tashi kafin ruwan shuka, da wanda zai biya in an taɓa gonar maƙwabci. Ka shaida wa maƙwabtanka tukuna, domin baƙonka ne zai ratsa ta gefensu.

Na biyar, wannan na akawuna ne da 'yan kasuwa masu sayen gona su bar ta. Gonar da ba a leƙawa, kowa ya gan ta ya ɗauka saura ce. Ka dasa aguwa ko bini-da-zugu a iyaka, ka ba wani amana a kusa. Kafin ka saya kuma ka tambayi dattawan wurin ko burtali ya ratsa ta. Tun dokar ƙasa ta 1978, gonakin karkara ƙaramar hukuma ce ke ba da takardar mallakarsu, ka nemi taka ka adana.

Abu guda ya rage. Kowa ya san abin da ɓarayin shanu da 'yan bindiga suka yi a ƙasar Birnin Gwari da Giwa a shekarun nan. In ka ga baƙi da bindigogi, ko shanu masu yawa ba mata ba yara, kada ka tsaya bincike, sanar da dagaci da 'yan sanda nan da nan. Amma kada laifin waɗannan ya sa ka ɗauki kowane makiyayi ɓarawo, shi ma shanunsa a ke sacewa.

Muna roƙon hakimai da ƙananan hukumomin Zariya da Sabon Gari su tara manoma da arɗoɗi tun yanzu, a sanar da ranar da za a saki shanu cikin gonaki, a kuma buɗe burtalin da aka toshe. Ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya ba mu kaka mai albarka, ya zaunar da mu lafiya. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi magana a kan adana wake a rumbu.