Alhakin Kamfani Idan Ya Karkatar da Binciken Kimiyya: Shari'o'in Taba a Amurka

Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne a nuna inda alhaki yake hawa kan kamfani idan hajarsa tana cutarwa. Sayar da abu mai haɗari ba lalle ne ya zama laifi ba. Laifin yana tabbata ne idan abin da kamfani ya sani a ɓoye ya saɓa wa abin da ya faɗa wa jama'a.

Yadda al'amarin ya faro

A 1950 masu bincike a Ingila da Amurka suka nuna dangantaka tsakanin shan taba da sankarar huhu. A Janairun 1954 kamfanonin taba na Amurka suka buga sanarwa a jaridu fiye da 400, suna cewa ba a tabbatar da hakan ba. Masu ƙara sun yi shekaru kimanin arba'in ba su karɓi diyya ba, domin kamfanonin suna kafa hujja biyu: wai masana ba su daidaita ba, kuma mashayi shi ya zaɓar wa kansa.

Abin da ya juya shari'a

A 1994 shugabannin kamfanoni bakwai suka shaida wa majalisar dokokin Amurka, bisa rantsuwa, cewa a ganinsu nikotin ba ya kama mutum. A shekarar ce kuwa takardun sirri na Brown & Williamson suka fito fili, har da wadda lauyan kamfanin ya rubuta a 1963, inda ya amsa cewa nikotin yana kamawa. Daga nan tambayar kotu ta zama: me kuka sani, kuma tun yaushe?

A 1998 kamfanonin suka yi sulhu da jihohi 46, kan biyan kimanin dala biliyan 206 cikin shekara 25. A 2006 Mai Shari'a Gladys Kessler ta yanke hukuncin cewa sun haɗa baki sun yaudari jama'a, ta kuma umurce su da su buga sanarwar gyara, wadda aka fara a 2017.

Kammalawa

Kokwanto halal ne a kimiyya, amma wanda ya san gaskiya ya ƙirƙiro kokwanto domin ciniki ya yi ha'inci. Wannan darasi ya shafe mu, domin a 2007 jihohin Legas da Kano da Gombe sun kai kamfanonin taba ƙara. Abin da irin waɗannan shari'o'i suke bukata shi ne ikon kotu na tilasta fito da takardun cikin gida, domin a nan hujja take kwance.