Kwamfuta ta ce ba ta gani ba, to ina ta duba?

Matashin da ya taso daga Sarkin Yamma, cikin da'irar Madarunfa, ya shiga Maradi koyon rubuta manhaja, ko a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ko wurin wani yayansa mai tsohuwar kwamfuta, da wuya ya cika mako bai yi karo da saƙo biyu ba: «commande introuvable» da «aucun fichier ou dossier de ce type». Na farko ya shafi umarni, na biyu ya shafi fayil. Abin da masu koyo da yawa ke yi nan take shi ne su goge komai su sake saukewa. A inda rezo ke zuwa yana ɗaukewa, kuɗin data kuma daga gumin matashin ko na mahaifinsa manomi yake fitowa, wannan asara ce, sau da yawa ma ba ta gyara komai.

Na'urar ba ta laluben duk cikinta idan an ba ta umarni. Tana da jerin wurare ƙayyadaddu da ake kira PATH, su kaɗai take bi ɗaya bayan ɗaya. Kamar yaro ne da aka aika babbar kasuwar Maradi aka ce ya duba rumfa uku. Ko kayan na jibge a ta huɗu, zai dawo ya ce babu. Wanda ya rubuta `echo $PATH` a Linux zai ga jerin da idonsa. A Windows kuwa, wajen girka Python akwai ɗan akwati a ƙasan shafin farko mai neman izinin saka shi cikin PATH. Mutane na gaggawa su tsallake shi, daga baya na'ura ta ce ba ta san `python` ba alhali yana zaune cikinta.

Wani lokaci sunan ne ya canza. An daina kula da Python 2 ranar 1 ga Janairun 2020, kuma Ubuntu 20.04 da ya fito a Afrilun shekarar yana zuwa ne da `python3`, babu `python` zalla. Ɗalibin da ke bin tsohon littafi zai yi ta bugawa a banza.

Batun fayil ya fi yawan tarko. Kafin komai a tambayi na'ura inda take tsaye da `pwd`, a ga abin da ke wurin da `ls`. Linux na bambanta babban harafi da ƙarami, don haka Gwaji.py daban, gwaji.py daban. Suna mai tazara irin «aikin gida.py» yakan rabu biyu idan ba a kulle shi da alamar zance ba. Windows kuma na ɓoye wutsiyar suna, sai mutum ya ɗauka ya ajiye gwaji.py, ashe gwaji.py.txt ne. Ni dai shawarata ga mai farawa, ya bar ƙ, ɗ da ɓ ga rubutun cikin fayil, sunan ya yi shi da haruffa marasa lanƙwasa, domin ba kowane allon bugu ke fitar da su cikin sauƙi ba.

Wanda ya fi cin rai shi ne fayil yana nan, `ls` ya nuna shi, na'ura kuma ta nace babu. Galibi an rubuta shi a Windows ne aka ɗauko a kile zuwa Linux. Windows na rufe kowane layi da alama biyu da ido ba ya gani, Linux da ɗaya. Sai rarar ta manne a ƙarshen layin farko, inda aka rubuta `/bin/bash`, na'ura ta tafi neman shiri mai wannan suna haɗe da alamar, wanda babu shi. Umarnin `cat -A` zai fito da ita a matsayin ^M, `dos2unix` kuma ya share ta cikin ƙiftawar ido.

Masu koyo a wayar Android da manhajar Termux, waɗanda waya ce kaɗai kwamfutarsu, su tuna manhajar ba ta ganin fayilolin da aka sauke a waya sai an buga `termux-setup-storage` an ba ta izini, sannan a same su ƙarƙashin `~/storage`.