Buhu Biyu a Kasuwa Ɗaya: Manomin Shinkafa da Buɗe Ƙofofin Ciniki

Duk wanda ya saba fita cefane daga cikinmu, mu mazauna Gardole, ya san irin tsayuwar da ake yi a gaban mai awo kafin a zaro kuɗi. Ko a babbar kasuwa da ke maƙwabtaka da mu, ko a kasuwar gero, ko a ta Dembe, shinkafa iri biyu ce take fuskantar mai saye. Ga 'yar gida da aka ɗauko daga Bongor da Lai da Kelo, ana auna ta da koro, tana da ƙamshi da ɗanɗano, amma sai uwargida ta zauna da faifai ta tsince tsakuwa. Ga kuma 'yar waje a cikin buhu mai rubutun Indiya ko Tailan, fara tas, daga wanki sai tukunya. A wannan fitowa muna so mu bi sawun buhunan nan biyu, mu ga abin da ya haɗa su a rumfa ɗaya, da kuma irin taimakon da manominmu yake bukata daga hukuma idan har ana so ya ci gaba da shiga fadama.

Tafiyar buhun waje

Buhun waje yakan yi makonni a cikin jirgin ruwa kafin ya sauka a tashar Duwala ta ƙasar Kamaru. Daga can ya hau jirgin ƙasa zuwa Ngawundare ko kuma ya hau babbar mota kai tsaye, ya ratsa arewacin Kamaru, ya shigo mana ta gadar Ngeli da ke tsakanin Kusuri da Injamena, ko ta hanyar Mundu. Tafiyar ta kai kimanin kilomita 1,800, kuma kowane kilomita yana ƙara wa buhun tsada: kuɗin mai, ladan direba, kuɗin duwan, da abin da ake bayarwa a shingayen hanya. Ke nan nisanmu da teku, wanda kullum muke kuka da shi, ya zama katanga ga manomin shinkafa, irin wadda manomin Senegal ko na Benin bai samu ba.

Duk da wannan katanga, 'yar waje tana samun masu saye a gidajen birni, kuma sau da yawa ita ce take yanka farashi. Mai sayar da 'yar gida yakan duba kuɗin ta waje ne ya sauko ƙasa da shi, domin ya san mai saye zai cire ladan tsinta da asarar gutsattsari. Idan an sauƙaƙa harajin shigo da shinkafa, farashin ta waje ya sauka, to ta gida ma dole ta sauka, kuma manomi ne yake ɗaukar asarar a ƙarshe.

Yadda hukuma ta shiga, da yadda ta fita

Shinkafar ƙasarmu Chadi 'yar kwarin kogin Logon ce. A mafi yawan shekarun baya-bayan nan ana girbe tsakanin tan dubu 200 da dubu 300 na wadda ba a casa ba, mafi yawanta daga Tanjile da Mayo-Kebbi ta Gabas, inda kogin yake tumbatsa ya malale filaye da damina. Tun zamanin mulkin Faransa, a shekarun 1950, aka fara gina ganuwar tare ruwa a arewacin Bongor domin a sarrafa wannan ambaliya. A shekarun 1960 aka shirya wani filin ban ruwa kusa da garin da taimakon Taiwan, wanda Sinawa suka karɓa a shekarun 1970. A waɗannan shekarun ne kuma aka buɗe aikin Sategi-Deresiya kusa da Lai da rancen Bankin Duniya, aka ɗora masa hukuma mai kula da ruwa da sayen amfanin gona.

A ƙetaren kogi, a Yagwa, gwamnatin Kamaru ta kafa kamfanin SEMRY a 1971, ta gina madatsar ruwa ta Maga a 1979. A tsakiyar shekarun 1980 abin da ake girbewa a filayen kamfanin ya kai kimanin tan dubu 100 a shekara. Amma sai shinkafar ta taru a rumbuna, domin a Duwala da Yawunde ta Asiya ta fi ta araha. Wannan darasi ne da ya faru a ƙofar gidanmu: an noma da yawa, an rasa mai saye.

Daga nan zamanin gyaran tattalin arziki ya zo. Asusun Ba da Lamuni na Duniya da Bankin Duniya suka gindaya wa ƙasashenmu sharuɗɗa: a rage hannun hukuma a saye da sayarwa, a cire tallafin taki, a sassauta shigo da kaya. A Chadi, yaƙin da ya ɓarke a 1979 ya riga ya raunana ayyukan ban ruwa, janyewar hukuma kuma ta bar wa ƙungiyoyin manoma magudanan ruwa da injunan da ba su da ƙarfin gyarawa. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Shinkafar waje ta yi tsada, manomi ya ɗan samu sarari, amma taki da man inji da kayan gyara, waɗanda su ma daga waje suke zuwa, suka yi tsada tare da ita. A 1996 Chadi ta zama mamba a Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, a 2018 kuma ta sa hannu a yarjejeniyar kasuwar bai ɗaya ta Afirka da aka ƙulla a Kigali.

Araha mai wa'adi

Ba ma musun cewa buɗe kasuwa yana da amfani ga maigida mai iyali goma da ɗan albashi. Sai dai arahar da ta dogara ga shawarar wasu ba ta da tabbas. A 2008 manyan ƙasashen da ke fitar da shinkafa, irin su Indiya da Biyetnam, suka taƙaita fitarwa, farashin ta Tailan ya kai kusan dalar Amurka 1,000 a kan kowane tan, wato ya ninka har sau uku cikin 'yan watanni. A watan Fabrairu na shekarar aka yi tarzomar tsadar rayuwa a Duwala, gwamnatin Kamaru ta ɗauke harajin shigo da shinkafa, ba ta maido da shi ba sai a 2016. A watan Yuli na 2023 Indiya ta sake hana fitar da farar shinkafa wadda ba basmati ba, har zuwa Satumba na 2024. Babu wanda ya nemi shawararmu, amma a tukunyarmu muka ji. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara.

Ƙasar Haiti ta ga abin da ya fi haka. A 1995 ta saukar da harajin shinkafa zuwa kashi 3 cikin ɗari, shinkafar Amurka da gwamnati ke tallafa wa manomanta ta cika kasuwa, manoman ƙasar da yawa suka bar gona. A 2010 tsohon shugaban Amurka Bill Clinton ya amsa a gaban wani kwamitin majalisar dattawa cewa wannan manufa da ya goyi baya kuskure ce. Su kuwa ƙasashen da suka yi arziki ba su saki manomansu ba. Koriya ta Kudu tana ɗora harajin kashi 513 cikin ɗari a kan shinkafar da ta wuce adadin da ta amince a shigo da shi, Japan ma tana da katanga mai tsayi irin wannan.

Darasi daga Najeriya

To, shin mafita ita ce a rufe iyaka? 'Yan'uwanmu na Najeriya sun gwada. A 2015 babban bankin ƙasar ya daina bai wa masu shigo da shinkafa kuɗin waje a farashin hukuma, a watan Nuwamba na shekarar kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin rancen manoma a jihar Kebbi. Daga Agusta na 2019 zuwa Disamba na 2020 aka rufe iyakokin ƙasa. Noma ya ƙaru, masana'antun casa suka yawaita a Kano da Kebbi da Jigawa. Amma farashi ya hau ƙwarai, fasa-ƙwauri bai tsaya ba, kaso mai yawa na rancen kuma ba a biya ba. A 2023 aka janye hanin kuɗin wajen, a watan Yuli na 2024 gwamnati ta ba da sanarwar ɗauke harajin shigo da wasu hatsi, har da shinkafar da ba a gama gogewa ba, na tsawon kwana 150. Da farashi ya faɗi, manoman da suka sayi taki da tsada suka koka da asara. Abin da muka fahimta shi ne, rufewa yau da buɗewa gobe yana cutar da mai saye a farko, ya cutar da mai noma a ƙarshe.

Tallafin da ya dace

A nan gida ma an yi ƙoƙari. Bayan da man fetur na Doba ya fara fita a 2003, gwamnati ta kafa shirin wadata ƙasa da abinci, aka buɗe masana'antar haɗa tarakta a Injamena a 2009 da rancen Indiya, aka rarraba ɗaruruwan taraktoci ga larduna a farashin huɗa mai rahusa. Da farashin mai ya faɗi a 2014, kuɗin gyara ya yanke, da yawa daga cikinsu suka tsaya. Daga baya aka haɗe shirin da wasu hukumomin karkara a ƙarƙashin hukumar ANADER. Ambaliyar 2022 da ta 2024, wadda ta ƙarshen ta lalata gonaki fiye da hekta dubu 400 a faɗin ƙasa, ta tuna mana cewa huɗa ba ta da amfani idan ganuwa ta ɓalle.

A ganinmu, tun da nisan teku ya riga ya ba manominmu katanga, abin da ya rage masa abu huɗu ne. Na farko ruwa: gyaran ganuwa da yashe magudanai kowace shekara kafin damina, da kuɗin da aka ware a kasafi. Shugabannin Afirka sun yi alkawari a Maputo a 2003 cewa za su ba noma kashi 10 cikin ɗari na kasafinsu, kuma 'yan ƙalilan ne suka cika. Na biyu casa: daɓen shanya mai tsabta da injin da ke cire tsakuwa ya ware gutsattsari, domin a nan ne 'yar gida take rasa masu sayen birni. Matan da ke turara shinkafa su sayar sun fi kowa cancantar wannan taimako. Na uku jari a kan lokaci. Manomi yakan sayar da kaka, lokacin da kasuwa ta cika, domin ya biya bashi da kuɗin makaranta, sannan ya sayi abinci da tsada a tsakiyar damina. A Nijar, tun ƙarshen shekarun 1990, ƙungiyoyin manoma suna ajiye hatsi a rumbu mai makulli biyu, su karɓi rance a kansa, su sayar bayan farashi ya tashi. Malamanmu kuma sun san cinikin salam, inda ake biyan kuɗi gaba a kan awo sananne da wa'adi sananne, ba tare da riba ta haram ba. Attajiranmu za su iya raya shi da adalci. Na huɗu mai saye tabbatacce: idan hukumar ONASA mai ajiyar abincin ƙasa, da barikokin soja da asibitoci da makarantu, suka riƙa sayen ta gida a farashin da aka sanar tun kafin shuka, manomi zai san abin da yake dogara a kai. Gadar da aka buɗe tsakanin Bongor da Yagwa a 2025 za ta ƙara zirga-zirgar kaya ta kowane ɓangare, kuma wanda shinkafarsa ta fi tsabta shi zai ci moriyarta.

Idan kuma tsada ta tilasta a sauke harajin shigo da abinci, kamar yadda aka yi wa wasu kayan masarufi a 2020 lokacin annobar korona, to a sa wa sassaucin wa'adi bayyananne, kada ya faɗo daidai lokacin girbi.

Namu rabon

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mu ma da ke birni muna da abin yi. Gidaje biyar ko shida za su iya haɗa kuɗi da kaka su sayi buhunan 'yar gida daga ƙungiyar manoma, su biya ladan injin da zai tsabtace ta. Ga tuwon shinkafa da waina, iyayenmu mata sun san ta gida ta fi kamawa. Lokacin walimar suna ko ta aure, ko fitar da zakkar fidda kai ga gidajen da shinkafa ce abincinsu, mu tambayi mai awo daga ina buhun ya fito. Kuɗin da muka ba shi, ko dai su bi hanyar Duwala su haye teku, ko su gangara Tanjile su zama kuɗin makarantar wani yaro da irin shukar baɗi.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kare gonakin bayinsa daga fari da ambaliya, ya ba shugabanninmu ikon riƙe amanar talakawa.