Cire Ƙwan Fitila Ba Gyara Ba Ne

Duk wanda ya saba bin hanyar Samaru zuwa Kwangila, ko ya ratsa lungunan Jushi da damina, ya san irin wahalar da ƙafafun mota ke sha. Abin da nake so mu duba a yau shi ne 'yar fitilar nan ruwan ɗorawa da ke kamawa a gaban direban jif, mai rubutun ABS ko VSC ko TRAC, musamman a Highlander da RAV4 da Lexus na hannu da ake shigo mana da su.

Sau da yawa tushen matsalar wata 'yar na'ura ce da ba ta fi ɗan yatsa ba, wadda kanikawa ke kira sensa. Kowace taya na da tata, tana ƙirga juyin tayar tana sanar da kwamfutar mota. Idan taya ta fara santsi a laka, ko motar ta nemi ƙwacewa a kwana, kwamfutar kan rage ƙarfin inji ta matse birkin tayar da ya dace tun direba bai ankara ba. To, da zarar laka da ɓurɓushin ƙarfe sun lulluɓe sensar, ko wayarta ta tsinke, sai kwamfutar ta makance, ta tsame hannunta baki ɗaya. Birki zai ci gaba da kamawa, shi ya sa mai mota ke ganin lafiya lau.

Jif kuwa tsayi gare ta, ta fi ƙaramar mota saurin kifewa. A 2007 hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka ta ƙiyasta cewa wannan tsari na rage haɗarin da jif ke yi ita kaɗai da kashi 59 cikin ɗari, kuma daga ƙirar 2012 aka wajabta shi a can.

Mu fa? Na sha jin kanikawa na cewa ai kwalliyar Bature ce kawai. Wasu cire ƙwan suke yi, ko su liƙe shi da baƙin salatif, hankalin Alhaji ya kwanta. Abin da ke ba ni mamaki shi ne mu 'yan boko, da ba ma shan magani sai an yi gwaji, mu ne ke amincewa da wannan. Alhali jona na'urar bincike na 'yan mintoci zai nuna tayar da ke da laifi, wani lokacin ma goge sensar kaɗai ya wadatar.

Mai shirin sayen jif kuma, ya murɗa makulli kafin ya tayar da inji. Dole fitilun su kama, sannan su mutu. Wadda ba ta kama ba sam, a tambayi dillali.