Injin Lissafi Mai Aiki Da Haske

Kamar mil 50 arewa da Jidda, a gaɓar Bahar Maliya, akwai wani gari wai shi Thuwal. A nan aka buɗe Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Sarki Abdullah cikin 2009, inda waɗansu masana su ke binciken hali da amfanin haske. To, me ya haɗa haske da lissafi?

Kwamfutar da aka saba da ita da alamu biyu ta ke ƙirga, watau 0 ko 1. Amma ƙwayar haske, wadda masana su ke kira foton, tana iya ɗaukar halin 0 da na 1 gaba ɗaya, har sa'ad da aka auna ta. In aka haɗa ƙwayoyi da yawa, waɗansu lissafai masu wuyar gaske sai su zo da sauƙi.

Cikin 2022 wani ƙaramin kamfani na Toronto a Kanada, mai suna Xanadu, ya ba da labari cewa injinsa Borealis ya gama wani lissafi tun kafin ƙiftawar ido, wanda babbar kwamfuta za ta shekara 9,000 a kansa.

Sai dai da sauran aiki. Ƙwayar haske takan ɓace a hanya, in kuwa ta ɓace lissafi ya ɓaci. Ran da aka shawo kan wannan, injin zai iya buɗe makullan sirri da bankuna su ke dogara da su. Don haka tun yanzu a ke ƙera sababbi.