Ruwan Sha Na Kajin Gida: Kai Ya Shiga, Ƙafa Kada Ta Shiga

A ƙasar Birnin Gwari, tun daga cikin gari har ƙauyukan daji, da wuya ka shiga gida ba ka ga kaji ba. Yawancinsu na uwargida ne. Su ne kuɗin littafin yaro, su ne kuɗin magani, su ne miyar baƙo da ta Kirsimati. A shekarun da 'yan bindiga suka addabi dajin nan, iyalai da yawa sun rasa shanu da tumaki, waɗansu ma sun bar gonakinsu sun koma gari. Abin da ya fi sauƙin sake fara kiwo da shi kuwa, kaza ce. Amma ga abin mamaki: ana kula da dusa da tsaki, ana gyara akurki, ruwa kuwa sai a zuba a wani tsohon kasko a gefen rariya, a manta da shi.

Kaza ba ta yin gumi. Zafin jikinta wajen digiri 41 ne, watau ya fi na mutum. In rana ta ƙwalle sai ka ga ta buɗe baki tana haki, ta saki fukafukai. Ta haka take sanyaya jikinta, ruwan jikin kuwa yana fita ta numfashi. Ƙwai kuma, in an cire ɓawo, kusan kashi uku cikin huɗu nasa ruwa ne. Saboda haka kazar da ta yini da ƙishi takan rage cin abinci, ta rage ƙwai, wani lokaci sai an yi kwanaki kafin ta koma yadda take. Babbar kaza tana shan wajen rubu'in lita a yini. Kaji 10 ke nan lita biyu da rabi. Da bazara, cikin Maris da Afrilu, sai a lissafa musu ninki biyu.

To, wane irin mazubi ya kamata? Dokar ɗaya ce: kan kaza ya shiga, ƙafarta kada ta shiga. Kasko da tasa da murfin tukunya duk sun karya wannan doka. Kaza takan taka ciki, ta yi kashi, ta tona ƙasa ta watsa. 'Yan tsaki su faɗa su jiƙe, sanyi ya kama su, ko su nutse. In ruwan ya zube ya jiƙa ƙasan akurki, nan ne cutar kashin jini ke samun wurin yaɗuwa, ita ce kuwa takan kashe 'yan tsaki masu makonni kaɗan.

Ga wata doka ta biyu, musamman ga mutanen ƙauye. Daga Birnin Gwari zuwa Kaduna ya fi kilomita 100, kowa kuma ya san tafiyar ba ta kullum ba ce. Kada ki dogara ga abin da in ya lalace sai an je Kaduna kafin a sami gyaransa.

A ganina babu kamar tukunyar ƙasa ga manyan kaji. A sa magina su yi ƙaramar tukunya mai murfi, su huda mata tagogi huɗu ko biyar kewaye da kafaɗarta tun tana ɗanya, kowace taga daidai yadda kan kaza zai shiga ya fita ba tare da tsefenta ya maƙale ba. Tukunyar tana da nauyi, zakara ba ya ture ta. Tana kuma sanyaya ruwa kamar yadda randa ke yi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, gama kaza ba ta son ruwa mai ɗumi. In ya yi zafi a rana takan ƙi sha ko tana jin ƙishi. Aibin tukunya ɗaya ne, gansakuka. Maganinsa a yi guda biyu, yau wannan, gobe waccan. Wadda ba ta aiki a goge ta da soso da toka, a ɗauraye, a kife ta a rana.

Ga 'yan tsaki kuwa, gwangwani da faranti sun fi. Ki sami babban gwangwani ko ƙaramin bokitin roba. Ki huda ƙofofi biyu da ƙusa kusa da bakinsa, kamar faɗin yatsa ɗaya daga baki. Ki cika shi da ruwa, ki rufe da farantin da gefensa ya ɗara ƙofofin nan tsawo, sa'an nan ki juya su tare da sauri. Ruwa zai fito cikin faranti har ya rufe ƙofofin, sai ya tsaya. Dalili kuwa, iska ba ta samun hanyar shiga, ruwa kuma ba ya sauka sai iska ta maye gurbinsa. Da zarar 'yan tsaki sun sha, ƙofa ta buɗe, iska ta shiga, wani ruwan ya sauko. Mazuban roba masu ja da fari da ake sayarwa a kasuwa, haka suke aiki, ba wani sirri. In kin ga ruwan duka ya tsiyaye, ko dai akwai huda a gindin gwangwanin, ko kuwa wurin da aka ajiye shi ya karkace. In farantin yana da faɗi, a jera tsakuwa masu tsabta a ciki domin kada ɗan tsako ya shiga. Gwangwanin da ya fara tsatsa a sake shi.

Akwai kuma ɗan bakin ƙarfe da masu gidan gona ke kira nipul. Ana ɗaura shi a gindin bokiti mai murfi, a rataye. Kaza ta tsattsage shi, ruwa ya ɗigo. Guda ɗaya yana isar kaji 8 zuwa 10, ruwan kuma yana zama da tsabta ƙwarai. Shi kam murfinsa yana bukatar 'yar huda ta iska, akasin gwangwani. Yana da kyau ga mai ruwan burtsatse a gari. Amma ruwan rafi mai laka yana toshe shi, kaji su yini ba su sha ba, bokiti kuwa a cike. Wanda zai fara shi kada ya fara da bazara, kada kuma ya ɗauke tsohon mazubi sai ya ga kowace kaza ta koya.

Ko wane iri aka zaɓa, a ajiye shi a inuwa, a tuna kuma inuwar safe ba ita ce ta azahar ba. A ɗora shi a kan bulo ko faffaɗan dutse, bakin ruwan ya zo daidai da bayan kaza. Kada a sa shi ƙarƙashin sandar da suke kwana. In kajin sun haura 10, a yi wuri biyu nesa da juna, domin akwai kazar da takan tsare mazubi ta hana ƙanana. Ran Lahadi da ranar kasuwa, da lokacin girbin masara da gida ke zama ba kowa, a cika kafin a fita. Aiki ne da yaro ɗan shekara 8 zai iya riƙewa, in an nuna masa wankin ma yana cikin aikin. Ruwan da ya kwana mako guda ba a taɓa shi ba, sauro ake kiwo a ciki.

Murfi yana da wani amfani kuma. Buɗaɗɗen ruwa yana jawo tsuntsayen daji, su sha su yi kashi a ciki. A shekara ta 2006 aka fara tabbatar da murar tsuntsaye a Nijeriya, a wata gonar kaji a Jaji, cikin jihar Kaduna ɗin nan tamu.

Yanzu sai maganar inda ake ɗebo ruwan. Ruwan da ba za ki ba ɗanki ba, kada ki ba kazar da ɗanki zai ci ƙwanta. Ƙasarmu ƙasar noma ce, galan-galan na maganin ciyawa da na ƙwari suna ko'ina. Kada a yanka su a yi mazubi ko an wanke sau goma. A kuma guji kududdufin da ake wankin ƙasar zinariya, tun da ana haƙar zinariya a wannan yanki. A Zamfara cikin 2010, gubar dalma daga dutsen zinariya ta kashe yara wajen 400, kafin nan kuwa agwagi ne suka fara ɓacewa daga ƙauyukan. A 2015 irin wannan ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, maƙwabtanmu. Ruwa mai laka kawai ana iya barinsa ya kwana ya kwanta, ko a sa masa dakakken ƙwayar zogale, a tace da tsumma mai tsabta. Amma tacewa ba ta cire guba.

Mazubi mai kyau shi ne kuma hanyar rigakafi. Cutar Niwkasil, wadda takan share kajin gari guda da hunturu, tana da rigakafi. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana yin irin da ake iya bayarwa a ruwan sha. Kwalba ɗaya ta fi ƙarfin kajin gida ɗaya, saboda haka maƙwabta su haɗa kuɗi su nemi malamin dabbobi kafin sanyi ya shigo. Ranar bayarwa a ɗauke ruwa da sassafe na awa ɗaya ko biyu domin su ji ƙishi. Mazubin ya zama na roba, ba sauran sabulu a jikinsa. Kada a yi amfani da ruwan famfo mai maganin kulorin, gama yana kashe ƙarfin rigakafin. Ruwan rijiya mai tsabta ya fi. A ajiye a inuwa, a ƙara yawan mazubai domin kowace ta samu, su shanye cikin awa biyu. Kazar da ta riga ta kamu ba a ba ta. A ware ta, da nata mazubin dabam.